Kawu da Jatan Landen Cikin Salkar Teku

Daga Allah muka fito, wurinSa za mu koma. Kawu ya riga mu, mu da muka rage muna tafe muna jan ƙafa. Yayan mahaifiyata ne. Shi ya riƙe mu, ni da Yayana, tun mutuwar ubanmu, shi kuma ya biyo mu nan Arlit da tsufansa lokacin da aka fara haƙar uraniyom, mutane na ta kwararowa kamar an fasa rumbu. Makon jiya aka yi sadakar arba'in ɗinsa.

Ku yi mini afuwa da rubutun nan. Bokona na yaƙi da jahilci ne, shi ma rabinsa gyangyaɗi na yi a aji. Karen mota ne ni, mai furfura har a gemu. Waɗanda muka fara tare duk sun zama direbobi, ni ina nan ina cusa wa taya dutse. Amma na ji abin da aka riƙa faɗa a zaman makoki, na ga in na yi shiru, abin da zai rage na Kawu ke nan.

Mutane sun zo makokin tun kwanakin farko, ba laifi. Ma'aikatan rami sun jibge manyan takalmansu a bakin tabarma kamar ana cin kasuwar takalmi. Buzaye masu kawo itace da cuku sun durƙusar da raƙumansu bayan katanga. Ƴan kasuwar Kano da Katsina sun rufe shago har azahar, su da ko ranar salla sai sun yi shawara da aljihunsu. Matan Bukoki, unguwarmu ta bukkoki da tsofaffin kwanuka, sun cika tsakar gida wajen Inna, matar Kawu. Kowa ya ce mutumin kirki ne. Sai dai ba a shafa fatiha biyu ba tare da wani ya sunkuyar da kai yana murmushi ba.

"Allah sarki, Alhaji mai jatan lande."

"Allah ya yafe masa zancen teku. Tsufa ne."

Wani ɗan Maradi mai gyaran rediyo ya ce, "Ni fa ina son labaransa, ko da yake na san shiri ne." Ya faɗa ne da kyakkyawar zuciya, shi ya sa ta fi yi mini zafi.

Mutum ɗaya ne bai ce uffan ba: taubashin Kawu, ɗan goggonsa, wanda muke ce wa Baba. Yana can gefen tabarma, goro a hannu, bai ɓantara ba. Duk wanda ya san Baba ya san bakinsa ba ya hutu, ko a sahun salla sai liman ya yi gyaran murya.

Bari in faɗi asalin jatan landen, don na nesa.

Kawu yana saurayi ya ɗauki hanyar hajji da ƙafa, irin ta mutanen da. Guzuri ya ƙare masa a Sawakin, bakin Bahar Maliya. Nan ya zauna shekaru yana yi wa masu jiragen ruwa aiki, yana kankare musu ƙasan jirgi, har ya koyi nutso, mutumin Damagaram da bai taɓa ganin ruwan da ya fi tabki ba. Daga baya ya tsallaka ya sauke farali ya dawo gida. Sauran alhazai sukan dawo da labarin Ka'aba da tsadar rago. Kawu ma yana da wannan, amma in ka bar shi ya sha shayi na biyu, teku zai koma.

"Akwai wata halitta," in ji shi, "tana manne da dutse ko ƙasan jirgi. Ba ido, ba ƙafa, ba ta zuwa ko'ina. Girmanta kamar dunƙulen hannu, fatarta kamar ta salkar da ta sha rana. Baki biyu gare ta, ɗaya na shan ruwa, ɗaya na fitarwa. In ka matsa ta, ta feso maka a ido."

Sunan da mutanen can suke ce mata ya ɓace masa, sai ya raɗa mata salkar teku, tunda salka ce abin da muka sani na fata mai riƙe ruwa. Yunwa ce ta sa ya fara yanka ɗaya, ko za a samu abin taunawa. Abin da ya tarar a ciki shi ya bi shi har kabari.

"Wani ɗan jatan lande, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Fari, har kana hango cikinsa, ga ƙiba. Yana ta ɗaga mini ƴan hannuwansa kamar na shigar masa ɗaki ba sallama. Na duba da kyau, ashe su biyu ne. Macen ta fi girma, da ƙwai a ƙarƙashin cikinta."

Ya ce suna ƙanana suke shiga ta bakin salkar, su girma a ciki har ƙofa ta yi musu kaɗan. Ba sa cin mai gidansu. Abin da ruwa ya kawo, shi ake rabawa.

Da a nan ya tsaya, da labari ne kamar kowane labari. Amma abin da ya dami Kawu shi ne ina suke, ina kuma babu su. Sai ka ga ya share yashi da tafin hannu, ya ja bakin teku da yatsa, ya ce a ba shi ƙwallon dabino da tsakuwa. Ƙwallo na nufin akwai, tsakuwa na nufin babu. Aikin samar da ƙwallo nawa ne, kuma ban taɓa yin kasala a kansa ba.

"Nan tashar jirage," ya jera tsakuwa, "ruwa da ɗumi, da dauɗa. Salkuna kamar ƙasa, ka yanka har hannunka ya gaji, wayam. Nan can waje, inda duwatsu masu rassa suke, ruwa garau," ya zuba ƙwallaye, "kusan kowace babba da baƙinta. Ƙananan salkuna ba ka samu. Tsallake kuma, wajen Jidda, akwai, amma wani iri ne mai ɗigo-ɗigo a baya." Sai ya ɗago ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "To me ya sa nan, ba nan ba? Ruwa ɗaya, salka ɗaya. Wa ya raba musu unguwanni?"

Yana tambayar ne da gaske, kamar a cikinmu, mu masu ƙurar rami a gashin ido, wani zai ba shi amsa.

Ba teku kaɗai ba ne Kawu. Shekarun farko na Arlit, kowace mota ta tsaya sai ta zubar da baƙi, daga Tawa, daga Maradi, daga Sakkwato, kowa da ƙunshinsa da labarin cewa a nan kuɗi a ƙasa yake. Masu sa'a kamfani ya ɗauke su ya ba su ɗaki da famfo. Marasa sa'a su yi ta yawo a rana. Kawu yakan tafi tasha da butarsa, wai alwala za shi, ya dawo da mutum biyu a bayansa. Rumfarsa ba ta taɓa rabuwa da baƙo ba. Ruwa a lokacin saye ake yi a Bukoki, duro-duro, amma randarsa a ƙofar gida take, da moɗa a kai. Wata rana Inna ta gaji ta ce, "Alhaji, gidan nan fa ba tasha ba ne. Wancan dogon ya yi wata yana cin tuwonmu, ko sunansa ban sani ba."

Kawu ya ce, "Abin da ba shi da ido ma ya sauki baƙo bai tambayi sunansa ba."

Inna ta ce, "Ai shi ya sa. Da tana da ido da ta kore shi." Ta kuma ƙara gari a tukunya.

Yana da wasu halaye da sai wanda ya zauna da shi. Ba ya cin kifin gwangwani, wai an ci mutuncinsa. In iska ta kaɗa kwanon rufi yakan tsaya ya saurara, ya ce sautin ya kusa da na teku, amma ba shi ba ne. Kuma bai taɓa cewa "wallahi" ba a zancen duniya. In ka matsa masa ya rantse sai ya ce, "Na faɗa." Da wannan "na faɗa" aka san shi. Shi ake kira shaidar aure, shi ake kira in za a kafa turakun fili, don a Bukoki ba takarda, sai idon dattijo.

Baba taubashinsa ne, wasa tsakaninsu halal ne tun suna yara. Kullum da la'asar sai sun taɓa.

"Kai bawana," in ji Baba, "waɗannan jatan landen naka, an ɗaura musu aure, ko zaman kansu suke yi? Wa ya yi walicci?"

"Kai da ko a kwatarniya sai an riƙe maka hannu, me ka sani game da ruwa?"

"Na san ko ƙwarƙwata tana cin mai gidanta. Wane baƙo ne zai tare a cikinka bai taɓa hanjinka ba? Rana ce ta buge ka a Sudan, bawana."

Mu yi ta dariya, har da Kawu. Ni nakan ƙara gishiri, don ban iya ganin wuta in wuce ban hura ba. Amma wasan taubasai a tsakar gida yake da daɗi. Baba ya kai shi kasuwa, daga kasuwa ya hau motar ma'aikata, daga nan ya shiga rami ya fito. Kafin a jima, yaran da ba su san sunan Kawu ba sun san Alhaji mai jatan lande.

Ranar da abin ya daina zama wasa, ina wurin. Wata mata ce mijinta ya rasu ya bar ta da ƴaƴa da ɗan fili. Maƙwabcinta ya tashi gina katanga ya ci rabin filin. Kawu na nan ranar da marigayin ya kafa turakunsa, don haka matar ta kira shi gaban mai unguwa. Ya je da sandarsa, ya nuna daidai inda turken yake, ya ce, "Na faɗa."

Maƙwabcin ya dubi jama'a ya ce, "Ranka ya daɗe, da shaidar wa za a kama ni? Da ta tsohon da ya ga ango da amarya a cikin salka?"

Wurin ya fashe da dariya. Mai unguwa ma sai da ya rufe baki da rawani. Daga ƙarshe ya ce Alhaji ya manyanta, a nemo wani mai shaida. Ba a samu ba. Katanga ta tsaya inda maƙwabcin ya so, matar ta ja bukkarta baya.

Kawu ya dawo gida bai sha shayi ba. Washegari da hantsi ya kira mu, ni da Yayana. Yaya direba ne, ni karen motarsa. Kaya muke kaiwa kudu, wani lokaci mai motar ya tura mu har tashar jiragen ruwa ta Kwatano mu ɗauko wasu.

"Ku kuna zuwa teku," in ji Kawu. "Ba irin tawa ba ce, ta yamma ce, amma teku ce. Ku nemo mini salkar nan ku kawo. In an buɗe a gaban mutane, matar nan za ta iya komawa wurin mai unguwa." Sai idonsa ya yi wani haske. "Kuma ni kaina ina so in sani ko sun kai can."

A Kwatano na sha wuya. Na tare masunta da Faransancina na bakin tasha, ina dunƙule hannu, ina tsartar da yawu don su gane. Suka taru suna kallona kamar mai wasan biri, ba su san birin shi ne ni ba. Wani dattijo a cikinsu ya gane, ya yi magana da ɗan uwansa, wannan ya nutsa gindin ginshiƙan tashar ya fito da wasu dunƙule-dunƙule masu gansakuka. Na ɗauki ɗaya na matsa. Ta feso mini ruwan gishiri a ido.

Jama'a, na yi ihu har Yaya ya zo da gudu. Ina hawaye ina cewa, "Baki biyu! Yaya, baki biyu!"

Ban buɗe ko ɗaya ba. Ɗan aike ba ya buɗe saƙon babba, haka aka rene mu. Muka yanke kan wani bido, wato jarka, muka cika shi da ruwan teku, muka zuba su, muka ɗaure bayan kujerar direba, muka kama hanyar arewa. Tun kafin Dosso ruwan ya fara gurɓacewa. Da muka kai Abalak ya koma kamar tsarin wankin gero, ga ɗan wari. Yaya ya leƙa ya girgiza kai.

"Baƙin Kawu ne fa waɗannan. Haka za mu kai masa su, cikin ruwan da ko jaki ba zai sha ba? Ai sai a ce ba mu da tarbiyya."

Na ga gaskiyarsa. A ƙasarmu ba abin da ake karrama baƙo da shi kamar ruwa mai kyau. Muka zubar da na teku, muka wanke su ɗaya-ɗaya, muka juye musu na rijiya mai sanyi daga salkarmu ta sha. Na ɗanɗana na ce, "Yaya, babu gishiri." Ya fasa kantun gishirin Bilma ya zuba. Sannan ya ƙara ɗan kanwa, wai don ƙarfin jiki, tunda ko raƙumi in ya yi doguwar tafiya ita ake ba shi. Muka ci gaba da tafiya muna jin mun yi abin kirki.

Kawu ya riga ya tara mutane kafin mu sauke. Baba na gaba, matar nan mai fili na can baya da mayafinta. Da aka kwance bakin bidon, na gaba suka koma baya. Kawu bai ja ba. Ya sa hannu ya ciro ɗaya, ya juya ta, ya shafa fatar da babban yatsa kamar mai gaisawa da tsohon aboki, ya yanka. Ciki ya narke, sai wani abu kamar kunun da ya kwana. Ya yanka ta biyu, ya yanka ta uku. Ko da akwai wani abu a ciki, ya zama miya.

Baba ya toshe hanci ya ce, "Bawana, amarya ta yi tusa!"

Da mutane suka watse, Kawu ya tambayi abin da ya faru a hanya. Yaya ya faɗa masa tiryan-tiryan. Da ya zo kan kanwa, Kawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Inna ta kawo ruwa.

"Kun karrama su har lahira," in ji shi. Bai yi mana faɗa ba ko da kalma ɗaya. Ya ce laifinsa ne da bai gaya mana ba cewa abin teku ruwan teku yake so, ko da ya yi wari. "Wani zuwan ku buɗe a can, a kan idonku. Bakinku ya ishe ni."

Wani zuwan na yi yadda ya ce. Masuntan sun gane ni tun daga nesa, suna tsartar da yawu suna dariya. Suka ciro mini tuli guda. Na zauna a inuwar wani kwalekwale ina yankawa ina bajewa, ina dubawa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Na ga tsutsa, na ga yashi, na ga wani abu kamar majina. Jatan lande, ko ƙafarsa.

A hanya Yaya ya ce, "Ka ce ka gani mana. Wa zai je ya duba?" Ni ba baƙon ƙarya ba ne, da ita nake cin abinci a shingayen hanya. Amma na san Kawu. Zai tambaye ni launi, ya tambaye ni ta wane gefe suke kwance, kafin tambaya ta uku na tsiyaye. Na faɗa masa gaskiya.

Na zaci zai karaya. Sai ya share yashi, ya ja tekunsa a gabas, ya miƙa hannu can nesa yamma ya ajiye tsakuwa ɗaya.

"Ruwan da ɗumi?"

"Da ɗumi, Kawu."

"Jirage na zubar da mai a wurin?"

"Har yana ƙyalli."

"To ai tasha ce! Ko a Sawakin tasha babu. Sai an fita waje, an samo manya daga ruwa mai kyau." Ya kama hannuna. "Ɗan ƙanwata, ku ba ni wuri a motarku. Ni na san inda ake dubawa."

Yaya ya ce hanya ba ta da kyau, daga nan zuwa Tawa ƙashin saurayi ma kukkucewa yake, balle na Kawu. Ga shi ana shimfiɗa kwalta, a bari ta iso. Magana ce ta hankali, ni ma na goyi bayanta. Kawu ya ce to. Kowane dawowa sai ya tambaye mu ina kwalta ta kawo, mu faɗa masa, ya gyaɗa kai.

Gari kuwa abin da ya ji daban. Aka ce ɗan ƙanwarsa ma ya je har teku ya dawo ya ce babu. Na yi ta bayani a tasha da kasuwa cewa tasha ce na duba, ba waje ba, amma wa zai tsaya jin bayanin karen mota? Daga nan ba a sake kiran Kawu shaidar komai ba. Za a ɗaura aure a maƙwabta, a gaishe shi da girmamawa, a ba shi goro, a kira wani. Ya daina share yashi in akwai baƙo. Baba yakan zo da la'asar ya ce, "Bawana, ina labarin amarya?" Kawu ya ce, "Lafiya lau," ya miƙa masa shayi. Baba ya yi ta juya kofin, ya rasa inda zai sa bakinsa.

Ranar da kwalta ta iso Arlit, da kiɗa da tutoci, Kawu ya riga ya kwanta. Ƙafafunsa sun kumbura, ko masallaci sai an riƙe shi. Na shiga na gaya masa. Ya ce, "Madalla. Ta yi santsi?" Na ce kamar tafin hannu. Bai sake tambayar wuri a mota ba, mu ma ba mu tayar da zancen ba. Bai daɗe ba ya cika, da rana tsaka, Inna na yi masa fifita.

Bayan sadakar bakwai muna ɗaure tamfol, sai ga Baba da ƙunshinsa da buta.

"Ina wurin da bawana ya roƙa? Ni zan zauna."

Yaya ya ce, "Baba, tafiyar da nisa."

"Kwalta ta iso ko ba ta iso ba?"

Yaya ya buɗe masa ƙofa. Ya hau.

Duk hanya bai yi wasa da kowa ba. Da muka isa, ya ga teku, sai ya zauna a yashi daɓas. Ya daɗe yana neman ɗaya gaɓar da ido. Ya ce, "Wannan ma na ce masa ƙarya ce."

Na gaya wa masuntan abin da Kawu ya ce, manya, daga waje. Suka tafi da kwalekwale can ƙarshen katangar duwatsun da ta shiga cikin teku, suka dawo da abin da suka samu. Ba su kai girman da Kawu yake nunawa ba, amma sun fi na tasha. Baba ya matsa ta farko, ta wanke masa fuska. Bai goge ba. Ya karɓi wuƙa ya fara yanka, yana kai kowace kusa da ido. Fatar na da kaushi, ta yayyanke masa yatsu. Ruwa ya fara hawowa, ya taɓa masa ƙafa, ya jiƙa masa riga.

"Baba, tashi, teku na zuwa."

"Saura kaɗan."

Da tulin ya ƙare ya koma kan waɗanda ya riga ya yanka yana sake bajewa. Na ji yana magana ƙasa-ƙasa, ba da ni ba. "Haba bawana. Ina ka ce suke? Nuna mini mana, wasa nake yi." Sai da muka ɗauke shi cak, ni da Yaya.

Ba mu gani ba.

Ranar arba'in, bayan an shafa, Baba ya miƙe da yatsunsa a naɗe da tsumma. Ya ce salkar teku gaskiya ce, ya gan ta, bakinta biyu, ta tofa masa. Ya ce jatan lande bai gani ba, amma shi tekun yamma ya duba, ɗan gefenta ma, marigayi kuwa ta gabas ya faɗa. Ya ce mutumin da ya yi gaskiya a baki biyu bai ga dalilin da zai sa ya yi ƙarya a turke ba. Mutane suka ce Allah ya jiƙan Alhaji, suka miƙa hannu ga masar sadaka. Mai unguwa yana wurin, ya duƙar da kai. Katangar nan kuwa yanzu ɗaki ne da rufin kwano, da ƴan haya a ciki. Matar ta koma garinsu tun bara.

Ni abin da zan iya shaida kaɗan ne. Na zauna da Kawu tun ban san hannun dama ba, ban taɓa kama shi da ƙarya ba, ni da na san kamanninta ciki da waje. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa makwanci, ya shayar da shi daga ruwan da ba ya gurɓacewa. Allah ya ba Inna haƙuri, ya ba Baba, ya sa mu cika da kyau in tamu ta zo.

Roƙona ɗaya ne. Yanzu jirgin sama ake hawa, ba mai bi ta Sawakin. Amma in Allah ya kai wani cikinku Jidda, ya gama ibadarsa, ya samu rarar yini, ya je bakin ruwa ya roƙi masu nutso su ciro masa babba daga waje. Ya buɗe a wurin, kada ya ba ta kanwa. In ya gani, ba sai ya zo Arlit ba. Ya juya ya gaya wa duk wanda ke kusa da shi cewa wani tsoho ya faɗa, kuma haka ne.